Waiwaye: Yadda satar fasaha ta bi fina-finan Marathi daga faifai zuwa waya

Galibin masu kallon fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa na harshen Hindi suka sani, alhali a cikin Mumbai ɗin da ake shirya su akwai wata masana'anta mai tsohon tarihi, ta harshen Marathi, yaren jihar Maharashtra da mutum sama da miliyan 80 ke magana da shi. Dadasaheb Phalke, wanda ake kira uban fim na Indiya tun aikinsa na 1913, ɗan wannan ƙabila ne, kuma a 1932 kamfanin Prabhat ya fitar da fim ɗin Marathi na farko mai magana.

Satar ta fara ne da kaset ɗin bidiyo, sannan faifan CD da DVD da ake bajewa a kan tabarma a bakin tashoshin jirgin ƙasa, kwana ɗaya ko biyu bayan fim ya shiga sinima. Abin ya yi ƙamari har a 2009 gwamnatin Maharashtra ta saka masu satar bidiyo cikin dokarta ta miyagun mutane, wadda ke ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba. An kama masu talla, amma kafin dokar ta yi nisa kasuwar ta bar titi.

Shekarar 2016 ce ta canza komai. A ƙarshen Afrilu aka saki Sairat na Nagraj Manjule, fim ɗin Marathi na farko da ya tara fiye da rupi biliyan 1. Yana tsaka da tashe sai ga kwafinsa a intanet, har daraktan ya kai ƙara ga 'yan sanda. A Satumban shekarar kamfanin Jio ya shigo da data mai arha, kowane saurayin ƙauye ya samu hanyar sauke fim a wayarsa. Daga nan sai shafuka irin su Filmyzilla da tashoshin Telegram suka gaji masu faifai. A rufe shafi da safe, da yamma ya dawo da sabon adireshi, abin da ya sa a 2019 Babbar Kotun Delhi ta amince a riƙa toshe sabbin adireshin ba sai an shigar da sabuwar ƙara ba.

Sairat ya tsira saboda jama'a sun yi ta komawa sinima. Ƙananan fina-finai ne abin tausayi. Mai shirya fim ɗin Marathi yana kokawar samun allo da manyan fina-finan Hindi a garinsa na haihuwa, har sai da gwamnatin jihar ta tilasta wa manyan gidajen sinima ware musu lokaci a 2015. Mako ɗaya ko biyu ke gare shi ya mai da kuɗinsa. In kwafi ya fita a kwanakin nan, kujeru sun zama wayam, an sauke fim ɗinsa, bashi kuma yana wuyansa. Duk wanda ya ga yadda masu tura fim a waya suka durƙusar da kasuwar faifai a Kano ya san wannan ciwon.

A 2023 majalisar Indiya ta gyara dokar sinima: ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3 ga mai ɗaukar fim a ɓoye ko nuna na sata, da tarar da ta fara daga rupi dubu 300 har kashi 5 cikin 100 na kuɗin shirya fim ɗin. Hukuncin ya yi nauyi, sai dai hannun ɗan sandan birnin Pune na jihar Maharashtra ba ya kaiwa ga mai shafin da ke zaune a wata ƙasa.