Waiwaye: gubar dalma a ruwa da matatar kabon

Muhawarar da ake yi a Sakkwato kan ingancin ruwan rijiya da na burtsatse ta gangaro kan wata sabuwar matatar ruwa da ake haɗawa da ƙwayoyin kabon waɗanda ido ba ya gani. Masu goyon bayanta na cewa tana kama dalma da zaiba, abin da tafasa ruwa ba ya yi. Wasu kuma tsadarta suke dubawa. Kowane ɓangare na magana kamar jiya matsalar ta faro.

Tarihin fasahar gajere ne. Sumio Iijima na Japan ya bayyana siraran bututun kabon a 1991, aka ware girafin, wato shimfiɗar kabon mai matuƙar siranta, a Ingila a 2004, aikin girafin ɗin ya ci kyautar Nobel a 2010. Dangin gawayi ne, sai dai sun fi shi wurin da ƙarfen da ya narke cikin ruwa zai manne.

A 2010 ɗin ne yara sama da 400 suka rasu sanadiyyar gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, wadda sai 1996 aka cire ta daga jihar Sakkwato. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne lokacin da dutsen zinariya ya shigo gida. Haƙar zinariya tsohuwar sana'a ce a yankin. Da farashinta ya tashi bayan 2008, sai aka riƙa kwaso dutse daga daji a buhuna, ana farfasa shi a tsakar gida, ana kai shi injin niƙa irin na hatsi. Ashe cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka inda yara ke rarrafe, aka wanke garin dutsen a bakin kududdufi, damina ta kwashe saura. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba a gane ba. Ni dai ban ga laifin magidancin da noma ya kasa riƙe masa gida ba, bai san abin da ya ɗauko ba.

Gyaran da aka yi a ƙauyukan Dareta da Bagega na Anka shi ne a kankare ƙasar gidaje, a zuba sabuwa, domin dalma ba ta ruɓewa. Matatar kabon ma tara ta kawai take yi wuri guda, kuma galibin gwajinta har yanzu a ɗakin bincike yake. Ranar da ta cika aka jefa ta a bola, ruwan sama na iya mayar da gubar rijiya. Inda za a kai tsohuwar matatar na son amsa tun kafin a shigo da ita kasuwa.