Waiwaye: Gubar da aka binne tun 1945, da yadda korona ta tarar da ita a rami

Gardama ɗaya ta daɗe tana yawo a majalisarmu ta bayan la'asar a Jekadafari, nan Gombe, tun ranar da aka ji a rediyo cewa har yanzu ba a gama lalata makamai masu guba da aka yasar a ƙasar Sin ba. Wasu sun ce annobar korona ce ta tsayar da aikin. Wasu sun ce an fake da guzuma ne kawai. Wani dattijo da rediyo ba ya barin kunnensa ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, abin da ya shekara saba'in da biyar a ƙasa kafin cutar ta zo, yanzu tari da mura za a ɗora wa laifi?" Na ce masa, "Baba, korona ta taka rawa, amma a makare ta zo."

Farkon labarin sananne ne. A watan Afrilun 1915 aka saki iskar kulorin a fagen daga a Ypres ta Beljiyam. Yarjejeniyar Janeba ta 1925 ta hana amfani da guba a yaƙi, amma ba ta hana ƙerawa da tarawa ba, don haka aka ci gaba da tarawa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, dakarun Japan da ke ficewa daga Sin suka bar ɗimbin harsasan manyan bindigogi da ganguna cike da guba, wasu a rami, wasu a koguna. A kan tsaunin Haerbaling kaɗai, a lardin Jilin, ƙiyasin da aka daɗe ana ambata ya kai 300,000 zuwa 400,000.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1993, lokacin da aka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar haramta makamai masu guba, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Afrilun 1997, Najeriya kuma ta amince da ita a 1999. Abin da kowa ya riƙe daga cikinta shi ne umarnin lalata abin da ke rumbunan sojoji cikin shekara goma. Amma akwai wani sashe da ya ware aji na daban: makaman da wata ƙasa ta bari a cikin wata ƙasar bayan 1 ga Janairun 1925 ba da yardar masu ƙasa ba. Hukuncin shi ne wanda ya bari shi zai kawo kuɗi, da ƙwararru, da na'urori, da duk abin da aikin ke bukata. Mai masauki nasa haɗin kai ne. Ƙungiyar hana makamai masu guba ta duniya, OPCW, da ke birnin Hague kuma ita ce mai sa ido.

A fuskar adalci babu abin cewa, wanda ya zubar shi zai kwashe. Sai dai tsarin ya zo da larura biyu. Ta farko, kowane mataki sai gwamnatoci biyu, a nan Japan da Sin, sun zauna sun daidaita, kuma injiniyoyi da masu kwance bam sai sun tsallako teku duk lokacin da za a taɓa ko da harsashi ɗaya. Ta biyu, wa'adin shekara goma an auna shi ne da makaman rumbu, waɗanda ke jere an san adadinsu. Na rami ba su da cikakken lissafi. Sun yi tsatsa, wasu na yoyo, wasu sun cakuɗu da bama-bamai na yau da kullum, da yawa kuma sai mai haƙar gini ko mai yashe kogi ya ci karo da su ake sanin suna wurin. Kamar a ba mutum wa'adin kwashe hatsin da ya zube a daji ne, alhali ba a san inda buhun ya fashe ba. Wani abin da zai ba mai karatu mamaki: yarjejeniyar ba ta tilasta a tsamo abin da aka zubar a teku kafin 1985 ba, shi ya sa masunta a tekun Baltik suka sha jawo dunƙulen gubar mustad a cikin komarsu.

Sakamakon ya bayyana tun kafin a san wata korona. Sai a Yulin 1999 ƙasashen biyu suka sa hannu kan takardar fahimtar juna. Haƙa ta farko a 2000 aka yi ta, a Bei'an. Lalatawa kuwa ba ta fara ba sai 2010 a Nanjing, da na'urar da ake iya kwancewa a kai wani gari, inda aka gama da sama da 35,000 zuwa 2012. Wato wa'adin 2007 ya wuce ba a ƙona ko ɗaya ba. Aka ƙara zuwa 2012, aka sake ƙarawa, aka sa 2022 don Haerbaling, wanda shi sai a ƙarshen 2014 aka soma lalatawa a can.

A tsakani ne wani hatsari ya faru a birnin Qiqihar na arewa maso gabashin Sin, a Agustan 2003. Masu haƙar gini suka tono ganguna biyar, aka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, aka fasa. Gubar mustad ce, mai tayar da bororo a fata ta ƙona ido da huhu. Mutum ɗaya ya mutu, 43 suka jikkata, har da yara. Da na ba da wannan labarin a majalisa, wani ƙanenmu mai sana'ar jari-bola ya yi shiru, don ya san yadda ake sayen ganga a sare ta ba tare da tambayar abin da ta taɓa ɗauka ba.

To, a kan wannan shimfiɗar korona ta sauka. A ƙarshen Maris na 2020 Sin ta rufe ƙofa ga yawancin baƙi, aka rage zirga-zirgar jirage ƙwarai. Tunda ƙwararrun daga waje suke zuwa, haƙa da lalatawa suka tsaya a wannan shekarar, sai a 2021 aka soma komawa kaɗan-kaɗan, ga killace ma'aikata na makonni kafin su kama aiki. A kwatanta da Amurka, wadda makamanta, ma'aikatanta da na'urorinta duk suna gida ɗaya: annobar ba ta rufe masana'antunta na Kolorado da Kentaki ba, har ta lalata makaminta na ƙarshe a Yulin 2023.

Dattijon nan ya tambaye ni yaushe ne sabon wa'adin. Na ce a 2022 aka amince da sabon shiri, aka kai Haerbaling zuwa 2027. Ya ƙirga da yatsunsa daga 2007, ya ce shekara ashirin ke nan cif, sannan ya mayar da rediyonsa kunne.