Wai Ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya Ita Ce Ma'aunin Ƙawance?

A teburin mai shayi a Tudun Wadan Zariya, da an ji labarin ƙuri'a a rediyo sai wani dattijo ya ajiye kofi ya ce: "Ai an gama, kowa ubangidansa ya bi." Mun daɗe da wannan zato, amma fa ba haka abin yake ba.

A Babban Zaure ƙasashe 193 ne, kowacce da ƙuri'a ɗaya, Amurka da Togo nauyinsu ɗaya. Ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu kawai yake, na ƙasashe biyar.

Dubi takunkumin Amurka kan Kuba. Tun 1992 zauren ke neman a ɗage shi, kuma Birtaniya da Faransa, aminan Amurkar na ƙut-da-ƙut, sun sha jefa ƙuri'a saɓanin ita, ba tare da zumunci ya yi tsami ba. Kowa tasa ta fisshe shi.

Afirka ma ba tsintsiya ba ce. A ƙudurin Maris 2022 da ya yi tir da mamayar Rasha a Yukiren, Najeriya ta goyi baya, Afirka ta Kudu ta ƙaurace, Eritiriya kuwa ta tsaya tare da Rasha.