Waiwaye: Yadda aka bi salsalar John Punch har zuwa gidan Obama

Ranar 9 ga Yuli, 1640, kotun Virginia ta zauna kan shari'ar barori uku da suka gudu daga gonar ubangidansu Hugh Gwyn, aka kamo su a Maryland. Biyu Turawa ne, Victor ɗan Holan da James Gregory ɗan Sikotland. Na ukun baƙar fata ne mai suna John Punch. Kowa ya sha bulala talatin. Turawan aka ƙara musu shekara huɗu a kan wa'adin aikinsu, shi kuwa Punch aka ce zai yi wa ubangidansa bauta har ƙarshen ransa. Laifi ɗaya, hukunci biyu, kuma ba a ɓoye dalili ba: launin fata. Shi ya sa masana tarihi da yawa ke kallonsa a matsayin baƙin farko da kotu ta mayar bawa na har abada a yankunan da Ingila ta mallaka a Amurka.

Daga nan sai sunansa ya ɓace a takardu. Can a 1662 wani John Bunch, wanda ake zaton ɗan Punch ne da wata Baturiya ta haifa, ya bayyana da gonarsa a gundumar New Kent ta Virginia, ɗa ne ba bawa ba. A shekarar ce Virginia ta kafa dokar cewa yaro yana bin matsayin uwarsa, to in uwar Baturiya ce, ɗanta ɗa ne ko da ubansa bawa ne. A 1705 jikan wannan gida, shi ma John Bunch, ya kai ƙara saboda limamin coci ya ƙi ɗaura masa aure da wata Baturiya, Sarah Slayden, wai yana da jinin baƙi. Abin da ke sosa mini rai shi ne, bayan 'yan zuriya kaɗan iyalan suka narke cikin Turawa, suka yi ƙaura zuwa Tennessee da Arkansas, aka daina ambaton kakan kwata-kwata.

A 2012 masu binciken kamfanin Ancestry, mai bin diddigin asalin zuriya, suka ɗauko zaren. Wahalarsu ita ce yawancin takardun New Kent sun ƙone a gobara, don haka suka haɗa takardun filaye da na kotu da gwajin ƙwayar halitta ta DNA na mazan gidan Bunch, wanda ya nuna tushensu na Afirka ne, kudu da Sahara. Su da kansu sun faɗa cewa babu takardar da ta ce ƙarara Bunch ɗan Punch ne, amma baƙaƙen da ke Virginia a lokacin 'yan kaɗan ne, sunayen biyu kuma harafi ɗaya ya raba su.

Zaren ya sauko ta wajen mata har zuwa Madelyn Payne, sannan 'yarta Stanley Ann Dunham, wadda aka haifa a Wichita ta jihar Kansas a 1942, mahaifiyar Barack Obama. Jama'a sun saba neman Afirkancinsa ta wajen mahaifinsa ɗan Kenya, ashe ta ɗakin mahaifiyarsa farar fata ne aka gano bawan Virginia.