Daga ina waɗannan agwagin ruwa masu baƙuwar kala suke fitowa?

Duk shekara sai an yi wannan musun a tsakanin masu kallon tsuntsaye a Turai da Amurka. Wani zai ɗauko hoton agwagwar ruwa fara fat, ko baƙa mai farin ƙirji kamar an ɗaura mata hankici, ya watsa wai ya gano sabon nau'i, kafin kace me tsofaffin hannu sun rufe shi da dariya. To ai ba yau aka fara ba.

A watan Fabrairun 1822 shahararren mai zanen tsuntsayen nan John James Audubon ya harbo wani namijin agwagwa a tafkin Barataria da ke jihar Louisiana. Kansa da ɗan kore irin na agwagwar da ake kira malad, amma kumatun da sauran jikin duk ba su yi daidai ba. Ya zana shi, ya raɗa masa sunan abokinsa Thomas Brewer, duk da shi kansa ya rubuta cewa wataƙila ruwa biyu ne, malad da wata agwagwar daji da ake kira gadwal. Hasashen nasa kuwa shi ne ya tabbata. Har yau idan an ga irinsa sunan Brewer ɗin ake kira, alhali ba wani nau'i ba ne.

Malad ɗin nan ita ce uwar rikicin gaba ɗaya. Daga ita aka samo kusan duk agwagin gida na duniya, banda dai irin tamu mai jan fata a fuska wadda asalinta Kudancin Amurka ne. Mutane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaɓen kala, fara, baƙa, ruwan ƙasa, sai kuma a gaji da kiwo a kai su tafkin cikin gari a sake, su kuma ba ruwansu da wai wannan ta gida ce wannan ta daji ce, barbara kawai suke yi, 'ya'yan su fito da farin ƙirji da ƙaton jiki, wasu ma tashi sama da ƙyar. Ni a ganina mafi yawan hotunan da ake ta yi wa kururuwa daga nan suke.

Sai batun zabiya. Da can duk tsuntsun da aka gani da fari sai a ce zabiya ne shikenan. Hein van Grouw, mai kula da tarin tsuntsaye a gidan tarihin halittu da ke Tring a Ingila, ya yi ta fama a kan wannan tun wani rubutu da ya yi a 2006. Zabiya na gaskiya jikinsa baya yin sinadarin melanin, mai sa gashi da ido su yi duhu, kwata-kwata, idonsa ja ne, kuma baya gani sosai don haka da wuya ya daɗe a daji, shaho ko dila sun gama da shi. Wanda aka fi gani shi ne mai farin gashi amma idonsa baƙi ƙirin lafiya lau. Akwai kuma wadda kalarta ta koɗe ta koma kamar shayi da madara, wannan gado ne da ya fi bayyana a mata, kuma rana tana ƙara cinye kalar har ta kusa zama fara. Saboda haka kafin a yi ihu, a fara duba ido tukuna.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne macen malad da ke rikiɗa ta ɗauko kamannin namiji. Tsuntsuwa mahaifar ƙwai ɗaya ce ke mata aiki, ta hagu. In ta tsufa ko ta samu rauni a wurin, sinadarin da ke riƙe mata kalar mata sai ya ja baya, sai ka ga kanta ya fara kore, gashin wutsiya ya lanƙwashe irin na namiji, amma bakin na mace ne. Namijin kuma bayan lokacin ƙwai yana zubar da adonsa ya koma kamar mace na wasu makonni, nan ma sabbin shiga suna ruɗewa.

Inda abin ya daina zama wasa shi ne New Zealand. Tun 1867 Turawa suka fara kai malad daga Birtaniya don farauta, daga baya wajen shekarun 1930 aka ƙaro daga Amurka. Suka cakuɗe da agwagwar ƙasar mai ruwan toka da 'yan kabilar Maori ke kira parera, yau ga shi samun tsantsarta ya zama aiki, wadda za ka gani ka ce ita ce sai ka duba ƙafa ka ga ruwan lemo irin na malad. A Afirka ta Kudu ma irin wannan fargabar ake yi wa agwagwarsu mai rawayan baki, shi ya sa hukuma ta saka malad a jerin baƙin halittu masu mamaya.