Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Kan Fiyano da Sintasaiza

Na yi shekaru ina koyon fiyano irin na makaranta, mai rubutaccen kiɗa, kafin na koma haɗa nawa kiɗan da sintasaiza a ɗakina da ke kusa da Ƙofar Marusa a Katsina, ba tare da wani kamfani a bayana ba. Tambayoyi guda ake ta maimaita mini a waya da wurin biki, shi ya sa na tara su a nan.

Ashe fiyano da sintasaiza ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Fiyano na asali katako ne da wayoyi, idan ka danna madanni sai 'yar guduma ta bugi waya, kuma Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera shi a Italiya wajen shekarar 1700. Sintasaiza kuwa ba ta bugun komai, da lantarki take haifar da sauti, mai ita ya sassaƙa shi yadda yake so. Abin da muke kira fiyano a situdiyoyinmu, irin su Yamaha PSR, kibod ne, wato na'urar lantarki mai madannai irin na fiyano.

Madannai nawa ne a cikakken fiyano?

Guda 88 ne, farare 52 da baƙaƙe 36.

Tunda an riga an ɗura kiɗa a cikin na'ura, me zai sa in wahalar da yatsuna?

Wannan tambayar ce ta fi ɓata mini rai. Wani ƙanena ya zo da kibod sabon fil, ya danna madanni ɗaya da hannun hagu, ganga da garaya suka tashi da kansu, ya dube ni yana jiran yabo. Da na kashe ɗurarren kiɗan na ce ya buga mini amshi ɗaya da hannu biyu, sai hannun hagunsa ya tsaya cak a kan madannai kamar ba nasa ba. Ku yi wa kanku adalci: abin da kamfani ya ɗura, duk wanda ya sayi irin na'urarka yana da shi, shi ya sa waƙoƙi da yawa suke fita da kamanni ɗaya. Abin da yake naka shi ne abin da hannunka ya iya.

Yaya zan ɗora waƙar Hausa a kan abin da na koya ba tare da ta lalace ba?

A nan ba ni da amsa guda, kuma ban yarda da mai cewa yana da ita ba. Matsala ta farko ita ce Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar baba idan ta fara ƙasa ta hau sama mahaifi ce, idan ta fara sama ta sauko uwa ce ko gwaggo, idan kuma ta tsaya sama duka to baban rini ne. Wanda ya fara jera sautukansa bisa ƙa'idar fiyano, sannan ya tusa baiti a ciki, sau da yawa yakan juyar da karin kalma har ma'anarta ta kauce. Saboda haka ni nakan fara rera baitin da baki ba tare da kiɗa ba, in naɗe shi a waya, sannan in bi shi da hannun dama har sai kibod ya faɗi abin da bakina ya faɗa. Hannun hagu yana zuwa daga baya, kuma a yawancin lokuta sauti biyu sun ishe shi, domin cika shi da uku ko huɗu yana danne muryar mawaƙi.

Matsala ta biyu ta fi wuya. Fiyano ya raba zangon sauti gida 12 daidai wa daida, babu komai a tsakaninsu, alhali mai kalangu yana matse igiyoyin gangarsa a hammata ya zame daga wannan sauti zuwa wancan, haka ma mai goge. Duk wanda ya saurari makaɗan marigayi Mamman Shata ya san wannan zamewar. A nan sintasaiza ta fi fiyano, domin tana da 'yar taya a gefen hagu da ake murzawa sauti ya lanƙwasa. Amma a yi hattara, idan aka yawaita murza ta kiɗan yakan koma kuka. Kari da yawa na gargajiya sukan zauna a kan sautuka biyar, kuma baƙaƙen madannai su kaɗai suna ba da irin wannan jeri, don haka wuri ne mai kyau na farawa, ko da yake ba kowace waƙa ce za ta amince ba. Wata sai ka gwada ta kwana uku, wata kuma dole ka haƙura ka kira mai kalangu ya buga da kansa.

Wannan ba kwaikwayon Turawa ba ne kawai?

Robert Moog ya fito da sintasaizarsa a Amurka a 1964, amma a 1978 Mamman Sani, wani makaɗin Nijar, ya riga ya naɗe kiɗan lantarki a Yamai, da kari irin na yankinmu. Ku saurare shi kafin ku sake yi mini wannan tambayar.

Na haura shekara talatin, ko lokaci ya wuce mini?

Bai wuce ba, ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Rabin awa kullum, a hankali, kowane hannu shi kaɗai kafin a haɗa su, ya fi awa biyar ranar Lahadi.

In sayi fiyano na katako?

Ban ba ka shawara ba. Bushewar hunturu a Katsina tana sa katakonsa ya tsuke, wayoyinsa su saki, kuma mai gyara shi ba ya samuwa da sauƙi. Ka nemi na lantarki mai madannai masu nauyi, ka haɗa shi da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta, kuma ka riƙa rufe shi da zane duk lokacin da ka tashi, domin ƙura ce ke fara kashe madannai.