Waken Samaru da hannuwan da suka yi shi: tambayoyi kan fasahar sarrafa halittu

Tun da sabon irin waken nan mai jure tsutsa ya fara shigowa hannun manoma, maganar fasahar sarrafa halittu ta bar azuzuwan jami'a ta shigo majalisun hira a Katsina da Daura. Wasu na yabo, wasu na ɗar-ɗar, da yawa kuma ba su samu wanda zai yi musu bayani ba. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wai mece ce wannan fasaha, kuma yaushe ta fara?

Amfani ne da abu mai rai domin samar da abin da mutum yake buƙata. Mai daddawa ta daɗe tana yin sa. Ta dafa kalwa, ta cire ɓawon, ta sake dafawa, ta juye a kwando ta lulluɓe. Bayan kwana biyu ko uku ta buɗe, kalwa ta yi laushi da yauƙi, warin ya cika gida. Wata ƙaramar halitta da ido ba ya gani, mai suna Bacillus subtilis, ita ta yi wannan aiki.

Sabon babi ya buɗe a 1973, lokacin da Stanley Cohen da Herbert Boyer a Amurka suka iya ɗaukar ƙwayar gado daga wata halitta suka dasa ta a wata. A 1982 aka amince da insulin da ƙananan halittu ke yi a masana'anta. Kafin nan daga jikin shanu da aladu ake tatso shi. Mai ciwon suga da ke yi wa kansa allura a Kofar Kaura ko a Daura yau, kusan tabbas da wannan fasaha yake rayuwa.

Wannan waken, su wa suka yi shi? Mutanen Samaru ko Turawa?

Duka biyun, da wasu ma. Matsalar ita ce tsutsar Maruca. Malam buɗe littafin da ke haifar ta yana zuba ƙwai a jikin fure, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige ciki, ta cinye furen, sannan ta huda kwanso ta haɗa shi da ganye da wata saƙa mai kama da yanar gizo-gizo. Manomi ya ga gona kore shar, ya ɓare kwanso ya tarar da kashin tsutsa. A mummunar shekara tana iya cinye kashi 80 cikin 100. Masana a cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan sun bincika dubban nau'o'in wake, ba su samu wanda ke iya tsaya mata da kansa ba.

Sai aka koma ga wata halittar cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, dangin waccan ta daddawa, wadda ke yin wani sinadari da ke kashe irin wannan tsutsa. Kamfanin Monsanto ne ya ba da ƙwayar gadon ba tare da neman kuɗin mallaka ba. Masanan hukumar binciken kimiyya ta CSIRO a Ostireliya, ƙarƙashin T. J. Higgins, suka yi nasarar dasa ta a cikin wake, aikin da ya gagari mutane shekaru. Gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da ke Nairobi ta riƙe ragamar haɗin gwiwar, hukumar USAID ta sa kuɗi. Amma waken da ya fito daga Ostireliya ba wanda manominmu zai shuka ba ne. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku, ita ta yi ta barbararsa da irin da ya saba da ƙasarmu, tana gwaji a killatattun gonaki tun 2009. A Disambar 2019 aka saki irin da sunan SAMPEA 20-T. Cire ɗaya daga cikin waɗannan hannuwa, babu wake.

Ke nan an huta da feshi?

A'a. An rage ne, daga sau shida zuwa takwas a damina zuwa kamar sau biyu. Darɓa da ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan, haka ƙwarin rumbu. Ragin ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin yaro da famfon feshi a baya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, magani na zuba masa a riga.

Ana cewa in ka shuka irin nan sau ɗaya, ka zama bawan kamfani. Gaskiya ne?

Tambaya ce mai nauyi, kuma amsar ta danganta da amfanin gonar. Wake da kansa yake barbarar kansa, don haka manomi zai iya ajiye iri ya shuka baɗi, ko da yake an fi so ya sabunta bayan 'yan shekaru. Masarar TELA da aka saki a Janairun 2024, mai jure tsutsar da ta addabi masara tun 2016, aurarren iri ce. Duk aurarren iri, ko an taɓa ƙwayar gadonsa ko ba a taɓa ba, amfaninsa raguwa yake in aka sake shuka 'ya'yansa, sai an sayi sabo.

Manoman auduga na Funtua da Bakori da Malumfashi ya kamata su san labarin Burkina Faso. Ƙasar ta karɓi audugar Bt a 2008, ta yi watsi da ita a 2016, domin zaren ya gajarce, farashinsa ya faɗi a kasuwar duniya. Maganin tsutsar ya yi aiki, irin da aka dasa shi a ciki ne bai dace ba. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa dole masu kiwon iri na gida da manoma su kasance cikin aikin tun farko. Nijeriya ta amince da tata audugar Bt a 2018.

Wa ke tabbatar da cewa ba shi da illa?

Hukumar NBMA mai sa ido kan fasahar sarrafa halittu a Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba da izini bayan duba sakamakon gwaji. Manyan ƙungiyoyin masana kimiyya na duniya ba su samu shaidar cewa irin waɗannan abinci da aka amince da su sun fi na gargajiya haɗari ba. Duk da haka masu neman a riƙa rubuta wa mai saye abin da yake saye, da masu neman a buga sakamakon gwaji kowa ya gani, suna da gaskiya. A kasuwar Mai'adua ko Charanci da tiya ake auna wake, babu takarda a jikin buhu. Hukuma ce ya kamata ta sauko ta yi bayani da Hausa, a rediyo da bakin malaman gona.

Ban da noma fa?

Sikila. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da ita, kuma da wuya a samu zuri'a a Katsina da ba ta san zafinta ba. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, Ba'amurkiya da Bafaranshiya, suka bayyana dabarar CRISPR ta gyaran ƙwayar gado. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da aka yi da ita, Casgevy. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Abin yana ci mini rai: magani ya samu, amma ya tsaya nesa da inda cutar ta fi yawa. A yanzu gwajin jini kafin aure shi ne abin da ke hannunmu.

Masanan gida ma suna taka rawa. A Maris na 2020 cibiyar binciken cututtuka ta ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta zama ta farko a Afirka da ta karanta tsarin gadon ƙwayar korona, tare da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC da cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Legas. Shekarun haɗin gwiwa da horar da matasa ne suka ba su wannan ƙarfi.

Ɗalibin Katsina ta ina zai shiga?

Ta Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko ta Tarayya da ke Dutsinma, a fannin kimiyyar ƙananan halittu, sinadaran jiki ko aikin gona, sannan ya nemi horo inda kayan aiki suke: Samaru, ofisoshin cibiyoyin binciken noma na IITA da ICRISAT a Kano, ko cibiyar rigakafin dabbobi ta Vom da aka kafa tun 1924. Kada ya manta da maƙwabciyarmu ta arewa, Nijar. Maraɗi ta fi Kano kusa da Katsina, kuma cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, da ke can tana aiki a kan gero da wake a irin ƙasar jigawa da ƙarancin ruwa da muke da su a Daura, Zango da Baure. Masananta sun yi aiki da Jami'ar Purdue ta Amurka wajen gwada buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwarin wake ba da magani ba. Gero, dawa da matsalar ƙuduji ba su cikin abin da manyan kamfanonin iri ke rububi a kai, kuma su ne ke jiran masu bincike daga wannan yanki.